Yadda ake karanta alƙaluman wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka

Kakar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka tana farawa a farkon Nuwamba, ta ƙare a farkon Afrilu. A babban ajin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kaɗai akwai ƙungiyoyin maza sama da 350, don haka babu mai iya kallon ko da rubu'insu, balle mutumin da ke zaune a Katsina ko Daura, wanda yawancin wasannin ke samunsa yana barci. Abin da ya rage masa shi ne alƙaluma. Su kuwa alƙaluman nan, wanda aka fi sa wa a gaba da manyan haruffa, wato matsakaicin makin da ƙungiya ke ci a wasa, shi ne ya fi yaudara. Abin da ke tafe hanya ce ta lissafi da biro da takarda da kalkuletar waya, wadda za ta amfani mai horar da 'yan wasa, da mai sharhi a rediyo, da ɗalibin da ke son ya gane abin da yake gani a allo.

Fara tabbatar da wasan da kake dubawa

Kurakurai uku ne ke lalata lissafi tun kafin a fara shi. Na farko, Amurkawa suna rubuta baƙo a gaba, mai masauki a baya, saɓanin abin da muka saba gani a ƙwallon ƙafar Turai. Idan ka ga alamar @ tsakanin sunaye biyu, wanda ke bayan alamar shi ne a gida. Wasannin gasar ƙarshen kaka, da yawancin ƙananan gasannin da ake yi a Nuwamba, a fili ne da ba na kowa ba.

Na biyu, sunaye suna kama. Akwai Miami ta jihar Florida, akwai Miami ta jihar Ohio. Akwai Loyola a Chicago, akwai wata a Maryland, akwai Loyola Marymount a California. Kuma kusan kowace jami'a tana da ƙungiyar maza da ta mata da suna ɗaya. Wanda ya kwafo alƙaluman wata ya ɗora wa wata, duk ƙoƙarinsa na gaba ya tashi a banza.

Na uku, lokaci. Daga Nuwamba zuwa Lahadi ta biyu a Maris, gabashin Amurka yana bayanmu da awa 6. Daga nan su tura agogonsu gaba, ya koma awa 5. Wasan da aka rubuta ƙarfe 7 na yammacin Talata a can, ƙarfe 1 na dare ne a Katsina, Laraba ta riga ta shiga. Wasannin tsakar ranar Asabar ne kawai ke faɗo mana a lokaci mai daɗi, wajen ƙarfe 6 na yamma.

Dokokin da ke canza lissafi

Wasan maza na jami'a rabi biyu ne, kowane minti 20. Na mata kashi huɗu ne na minti goma-goma. NBA kuwa, gasar ƙwararru ta Amurka, minti 48 take yi, shi ya sa kwatanta maki 75 na jami'a da 115 na NBA ba ya da ma'ana. Ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, ba 24 ba. Ƙeta biyar ke fitar da ɗan wasa, ba shida ba. Layin maki uku a wasan maza yana da nisan mita 6.75 tun kakar 2019 zuwa 2020, daidai da na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Idan an yi kunnen doki a ƙara minti 5, a yi ta ƙarawa har sai an sami wanda ya yi nasara.

Akwai wata doka a wasan maza da ya kamata a riƙe. Idan ƙungiya ta yi ƙeta ta bakwai a rabi ɗaya, wanda aka yi wa ƙetar yana samun jifan kyauta ɗaya, in ya ci sannan a ba shi na biyu. In ya ɓarar da na farko, shi ke nan, wasa ya ci gaba. Sai daga ƙeta ta goma ake ba da biyu kai tsaye. Wannan ya sa ƙungiyar da ba ta iya jifan kyauta ba take shan wahala a ƙarshen wasa fiye da yadda alƙalumanta ke nunawa.

Ƙidaya farmaki

Farmaki a nan yana nufin daga lokacin da ƙwallo ta shiga hannun ƙungiya har ta koma hannun abokan karawa. Hanyoyin ƙarewarsa uku ne: a ci, ko a ɓarar abokan karawa su cafke, ko a yi asarar ƙwallon ba tare da jifa ba. Tunda ƙwallo karɓa-karɓa ake yi da ita, ƙungiyoyin biyu suna samun farmaki kusan daidai a kowane wasa. Saboda haka abin tambaya shi ne maki nawa kowace ke fitarwa daga farmaki ɗaya. Faɗin makin wasa ba tare da yawan farmaki ba kamar a ce wane ya sami buhu 40 na gero, wane ya sami 30, ba a faɗi girman gonar kowannensu ba.

A ƙaddara wata ƙungiya tana cin maki 82 a farmaki 76, wata kuma tana cin 70 a farmaki 62. Raba 82 da 76, ka ninka da 100, za ka sami 107.9. Raba 70 da 62 ka ninka da 100, za ka sami 112.9. Ta biyun ta fi iya cin maki, ta farkon gudu kawai ta fi ta. Haka abin yake a wajen tsaro: ƙungiyar da ake ci wa maki 62 a wasa ba lalle ne ta iya tsaro ba, wataƙila jan ƙafa take yi har agogo ya kusa cika a kowane farmaki.

Ba kowane shafi ke rubuta yawan farmaki ba, amma ana fitar da shi daga jadawalin da ake wallafawa bayan kowane wasa. Haruffan da za ka nema su ne FGA, wato duk jifan da aka yi a cikin wasa, mai maki biyu da mai uku. FGM, waɗanda suka shiga. 3PA da 3PM, jifan maki uku da aka gwada da wanda ya shiga. FTA da FTM, jifan kyauta da aka gwada da wanda ya shiga. OR ko ORB, ƙwallon da ƙungiya ta sake cafkewa bayan ta ɓarar da jifanta, mu kira shi cafkar gaba. DR ko DRB, wadda ta cafke bayan abokan karawa sun ɓarar, cafkar baya. Sai TO, asarar ƙwallo.

Lissafin shi ne: ɗauki FGA, cire cafkar gaba, ƙara asarar ƙwallo, sannan ka ƙara FTA da aka ninka da 0.475. Ana cire cafkar gaba ne domin ba sabon farmaki ba ne, ci gaban na farko ne. Ana ninka jifan kyauta da 0.475 domin yawanci bibbiyu ake yin sa, kuma wani yana zuwa ne a matsayin ƙari kan jifan da ya riga ya shiga. Masu lissafin NBA suna amfani da 0.44, kada ka ɗauko nasu ka sa a nan.

Ga misali da alƙaluman da muka ƙaddara. Masu masauki sun yi jifa 58, 26 sun shiga, 8 daga ciki masu maki uku ne. Jifan kyauta 20, sun ci 14. Cafkar gaba 11, cafkar baya 28, asarar ƙwallo 12. Makinsu 74. Farmakinsu: 58 a cire 11 saura 47, a ƙara 12 ya zama 59, a ƙara 9.5 ya zama 68.5. Baƙi sun yi jifa 61, 24 sun shiga, 9 masu maki uku. Jifan kyauta 14, sun ci 10. Cafkar gaba 10, cafkar baya 23, asarar ƙwallo 11. Makinsu 67, farmakinsu 68.65. Ka ga lambobin biyu sun kusa haɗuwa, kuma wannan ita ce hanyar duba kanka: in tazarar ta wuce biyu ko uku, koma ka sake kwafe alƙaluman, wani wuri an yi kuskure. Ƙarfin farmakin masu masauki a wannan wasa 108 ne a kowane farmaki 100, na baƙi kuma 97.6.

Abubuwa huɗu da ke bayyana dalili

Wancan lissafin ya gaya maka wa ya fi. Bai gaya maka ta ina ya fi ba. Wani masanin alƙaluman wasanni, Dean Oliver, ya kasa abin gida huɗu, ya kuma ba kowane nauyinsa: iya jifa kashi 40 cikin ɗari, riƙe ƙwallo kashi 25, cafka kashi 20, jifan kyauta kashi 15.

Iya jifa ba a auna shi da FG% da ake rubutawa, domin wannan yana ɗaukar jifan maki biyu da na uku a matsayin abu ɗaya. Ɗauki jifan da ya shiga, ƙara rabin adadin masu maki uku da suka shiga, ka raba da FGA. Masu masauki: 26 da 4 ya zama 30, a raba da 58, kashi 51.7. Baƙi: 24 da 4.5, a raba da 61, kashi 46.7. A shafuka za ka gan shi da sunan eFG%. Kashi 50 shi ne kusan tsaka-tsaki. Wanda ya kai 55 a tsawon kaka yana cikin gwanaye.

Riƙe ƙwallo: raba asarar ƙwallo da yawan farmaki. Masu masauki kashi 17.5, baƙi kashi 16. A nan ƙarami ya fi kyau. Cafka: raba cafkar gabanka da jimillar ita da cafkar bayan abokin karawa. Masu masauki 11 cikin 34, kashi 32.4, baƙi 10 cikin 38, kashi 26.3. Kada ka kula da jimillar cafka da ake yawan faɗa a sharhi, don ƙungiyar da abokan karawarta ke yawan ɓararwa dole ta tara cafka ko ba ta da dogaye. Jifan kyauta: raba FTA da FGA, 34.5 da 23.

Amfanin waɗannan huɗun yana fitowa ne idan ka jera su gicciye, farmakin wannan da tsaron waccan. Ƙungiyar da ke asarar ƙwallo a kashi 20 na farmakinta, in ta haɗu da masu matsi tun daga ƙarshen fili, ka san inda wasan zai karye. Ƙungiyar da ke rayuwa da cafkar gaba, in ta gamu da masu dogaye biyu da ba sa barin ƙwallo ta faɗi sau biyu, rabin abincinta ya tafi. Haka kuma wadda ta dogara da dogo ɗaya tak, in abokan karawarta gwanayen jawo ƙeta ne. A wasan jami'a da yawan masu horarwa suna zaunar da ɗan wasa da zarar ya yi ƙeta biyu a rabin farko, ba ya dawowa sai bayan hutu. Minti goma ba shi a fili ya isa ya juya wasa.

Da wa aka kara

A Nuwamba da Disamba manyan jami'o'i suna biyan ƙananan makarantu kuɗi su zo su buga a gidansu, su lallasa su da maki 30 ko 40. Ƙungiyar da ta ci irin waɗannan wasanni tara a jere alƙalumanta za su yi ƙyalli, amma ba a gwada ta ba tukuna. Wata kuma da ke rukuni mai wuya irin Big 12 ko Big Ten ko SEC tana iya faɗuwa wasa goma a kaka kuma ta fi waccan nesa ba kusa ba.

Gyara wannan da hannu ga ƙungiyoyi 350 ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai kwamfuta. Shafin Ken Pomeroy, wanda aka fi sani da KenPom, da na Bart Torvik suna wallafa alƙaluman da aka riga aka daidaita da ƙarfin abokan karawa da wurin da aka buga. Lambobi uku kake buƙata ga kowace ƙungiya: AdjO, makin da take ci a farmaki 100, AdjD, makin da ake ci mata a farmaki 100, wanda ƙaraminsa ya fi kyau, da AdjT, yawan farmakinta a minti 40.

Ita NCAA tana da nata ma'aunin, NET, wanda ta fara aiki da shi a wasan maza a kakar 2018 zuwa 2019 a madadin tsohon ma'auninta, RPI. Tana kasa wasanni aji huɗu. Ajin farko a wasan maza shi ne karawa da ƙungiya ta 1 zuwa ta 30 a jerin NET a gidanka, ta 1 zuwa ta 50 a filin da ba na kowa ba, ko ta 1 zuwa ta 75 a gidanta. Dubi yadda ita kanta hukumar ta ɗauki cin ta 75 a gidanta daidai da cin ta 30 a naka gidan. Idan ana gardama a majalisa kan wace ƙungiya ta fi, tambayi nawa kowace ta ci a ajin farko; yawanci a nan gardamar ke mutuwa.

Fitar da hasashe

A ƙaddara matsakaicin ƙasa a wannan kakar maki 106 ne a farmaki 100, matsakaicin farmaki kuma 68. Waɗannan biyun suna motsawa kaɗan kowace shekara, don haka ka duba na kakar da kake ciki. Masu masauki suna da AdjO 114, AdjD 98, AdjT 65. Baƙi suna da 110, 103, 73.

Yawan farmakin wasan: haɗa 65 da 73, cire 68, ka sami 70. Ƙarfin masu masauki: haɗa farmakinsu da tsaron baƙi, 114 da 103, cire 106, ka sami 111. Na baƙi: 110 da 98, cire 106, ka sami 102. Tunda farmaki 70 ake sa ran yi ba 100 ba, ninka kowane da 0.70: masu masauki 77.7, baƙi 71.4. Tazara 6.3 ke nan, in a filin da ba na kowa ba ne.

Zaman gida a wasan jami'a yana kai maki 3 zuwa 4. Ɗauki 3, ka ƙara wa masu masauki 1.5, ka rage wa baƙi 1.5. Hasashenka ya zama 79 da 70, tazara 9.3, jimilla 149. Wasu gidajen sun fi wasu zafi, kamar Cameron na Duke da Allen Fieldhouse na Kansas, da filayen da ke kan tudu irin na Wyoming a Laramie, inda tsayin ƙasa ya haura mita 2,000 kuma baƙo ke saurin haki. Amma kada ka ƙara fiye da maki ɗaya don suna kawai.

Daga nan sai abin da kwamfuta ba ta gani. Alƙaluman kaka sun haɗa da wasannin da babban ɗan wasa ya buga. In yau yana jinya, lambar ba ta sani ba. Duba jadawalin wasanni uku na baya ka ga wa ya buga, minti nawa. Idan mai raba ƙwallo ne ya ji rauni, illar za ta fito a asarar ƙwallo kafin ta fito a maki. A farkon kaka kuma kada ka jingina da alƙaluman bara, domin tun 2021 da aka sassauta dokar canza makaranta, ƙungiya tana iya sauya fiye da rabin 'yan wasanta a damina ɗaya.

Girman kuskure

Wannan shi ne ɓangaren da ake tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci. Ko hasashe mafi kyau, sakamakon gaske yana kauce masa da abin da bai wuce maki 11 ba, sama ko ƙasa, a wasa biyu cikin uku, a na ukun kuma ya kauce fiye da haka. Ma'ana, hasashen tazara 9 yana nufin sakamako daga faɗuwa da maki 2 zuwa nasara da 20 duk abu ne na yau da kullum. In aka juya shi zuwa yiwuwar nasara: fifikon maki 3 kusan kashi 61 ne, maki 5.5 kashi 69, maki 9 kusan kashi 80, maki 11 kashi 84, maki 22 kusan kashi 98. Masu masaukinmu na misali za su faɗi sau ɗaya cikin biyar, ba tare da lissafin ya yi kuskure ba.

Babban abin da ke kawo wannan shi ne jifan maki uku. Ƙungiyar da ke cin kashi 35 nasa, in ta gwada 25, ana sa ran 9 su shiga, amma 6 ko 11 ba abin mamaki ba ne. Tsakanin 6 da 11 akwai maki 15, ba tare da kowa ya canza komai a wasansa ba. Shi ya sa kashin maki uku da ake ci wa ƙungiya ba ya nuna iya tsaronta sosai. Yawan wanda take bari a gwada ya fi zama abin dogaro. Kuma wasa mai ƙarancin farmaki yana taimakon ƙarami, don babba ba ya samun isassun damammaki da fifikonsa zai bayyana.

A gasar Maris, wato gasar cin kofin ƙarshen kaka, wadda aka mayar ƙungiyoyi 68 a 2011, ake kuma ba ƙungiyoyi lamba daga 1 zuwa 16 gwargwadon ƙarfinsu, an ga wannan ƙarara. A 2018 Virginia, mai lamba ɗaya kuma sananniya wajen jan wasa a hankali, ta kara da UMBC mai lamba 16. An tafi hutu 21 da 21, aka tashi UMBC na da 74, Virginia 54. UMBC ta ci 12 cikin 24 na maki uku, Virginia 4 cikin 22. Shi ne karon farko da mai lamba 16 ta fitar da mai lamba ɗaya a gasar maza. A 2023 Fairleigh Dickinson, wadda 'yan wasanta gajeru ne, ta maimaita a kan Purdue mai dogo Zach Edey, 63 da 58, Purdue ta ci 5 kacal cikin 26 na maki uku. Virginia ɗin nan kuma, da mai horarwa ɗaya da salo ɗaya, ita ta ɗauki kofin a 2019.

Lambobin 'yan caca da ke gefen allo

Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 da ya ba jihohi damar halatta cacar wasanni, da wuya ka buɗe shafin wasa ba ka ga od, wato lambobin 'yan caca, a gefe ba. Hukuncin caca a Musulunci a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90, ba sai an tsaya gardama ba. Amma mai sharhi yana buƙatar ya san abin da lambobin ke faɗa, kuma uban da ya ga tikiti a aljihun ɗansa gara ya iya nuna masa lissafin.

Lambobi uku ne. Ta farko tazara: in ka ga -8.5 a gaban masu masauki, ana hasashen za su ci da kusan maki 8 ko 9. Rabin makin an sa shi ne don kada a yi canjaras. Ta biyu jimilla, misali 148.5, wadda matasa ke kira oba da onda. Ta uku od ɗin nasara kai tsaye. Amurkawa suna rubuta shi da alamar ragi ko ƙari: -400 na nufin a sa 400 a sami ribar 100, +310 na nufin a sa 100 a sami ribar 310. A salon da aka saba gani a Najeriya, waɗannan su ne 1.25 da 4.10. Raba 100 da od ka sami yiwuwar da yake nufi: 1.25 kashi 80, 4.10 kashi 24.4. Haɗa su, 104.4. Yiwuwar abu biyu da dole ɗayansu ya faru ba ta wuce 100, don haka 4.4 ɗin nan ladan kamfani ne da aka cusa a ciki. In kana son ainihin hasashensu, raba kowane da 104.4: kashi 76.6 da 23.4.

A tazara da jimilla yawanci ana ba kowane ɓangare -110, wato 1.91. Mutum biyu su sa naira 11,000 kowanne a ɓangarori biyu, kamfani ya karɓi 22,000, ya biya wanda ya ci 21,000, ya riƙe 1,000 ko wa ya yi nasara. Kafin mutum ya tashi ba riba ba asara sai ya dace a kashi 52.4 na zaɓinsa. Yanzu kwatanta da hasashenmu: mun sami 9.3, su sun rubuta 8.5. Bambancin 0.8 a cikin kuskuren maki 11 yana ba da kashi 53 ne kawai, kuma shi kansa 0.8 ɗin ya dogara da ko mun ɗauki zaman gida 3 ko 4. Su ma da irin waɗannan alƙaluman suke aiki, har da labarin masu rauni da ke isa gare su kafin ya iso Ƙofar Ƙaura. Tikitin da ake jera wasanni da yawa shi ya fi muni, don ladan yana ninkuwa: wasa biyar a 1.91 suna mayar da matsakaicin naira 79 a kowace 100, wasa goma naira 63.

Abin da waɗannan lambobi ke yi wa mai nazari shi ne duba aiki. In hasashenka ya bambanta da nasu da maki 5 ko fiye, kusan kullum kai ne ka rasa wani abu: ko ka juya gida da waje, ko wani ba zai buga ba, ko ka ɗauko Miami ɗin da ba ita ba. A sani kuma mintin ƙarshe yana ɓata tazara da jimilla duka, saboda wanda ake ci yana yin ƙeta da gangan don ya tsayar da agogo, sai a tara maki goma sha wani abu a jifan kyauta cikin minti ɗaya. Ƙarin lokaci ma yana kumbura matsakaicin maki. A irin wannan wasa raba farmaki da 45 ka ninka da 40 kafin ka haɗa shi da sauran.

Yin amfani da shi a filayenmu

Wasannin jami'o'i da kwalejojinmu, irin na NUGA da NIPOGA, da dokokin FIBA ake yin su: kashi huɗu na minti goma-goma, daƙiƙa 24. Tunda jimillar minti 40 ce, lissafin nan duka yana hawa. Mai horar da 'yan wasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman Katsina ko wata sakandare a Daura ba ya buƙatar komai sai mutum biyu da takarda. Ɗaya yana kallo yana faɗa, ɗaya yana rubutu ba ya ɗaga kai. Mutum ɗaya ba zai iya haɗa biyun ba; cafka ce ke fara kuɓuce masa, ita kuwa in ta ɓace lissafin farmaki ya lalace.

A ja layi gida shida ga kowace ƙungiya: jifan maki biyu, jifan maki uku, jifan kyauta, cafkar gaba, cafkar baya, asarar ƙwallo. Kowane jifa a ja sanda, in ya shiga a zagaye ta. Jifan da aka yi wa ƙeta bai shiga ba, ba a ƙirga shi a FGA, jifan kyautan da ya biyo baya kawai ake rubutawa. Jifan da aka tare kuwa ana ƙirga shi a matsayin ɓararre. In an ɓarar ƙwallo ta fita waje aka ba masu jifan, a rubuta musu cafkar gaba. A ƙarshen kowane kashi a haɗa maki a gwada da na teburin alƙalai tun ana iya tunawa.

A saman takardar a rubuta ko agogon ana tsayar da shi ko ana barinsa yana tafiya, domin farmakin wasannin biyu ba za su haɗu a lissafi ɗaya ba. A rubuta kuma ko filin a rufe yake ko a buɗe. Iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana karkatar da jifan nesa a filin waje, kuma kwandon da ke fuskantar rana da la'asar yana cutar da wanda ke jifa a cikinsa. Kada a yanke wa ɗan wasa hukunci kan kashin maki ukunsa da jifa 15 ko 20; asarar ƙwallo da cafka su ne ke fara nuna gaskiyar ƙungiya bayan wasa biyar ko shida, su kuma ake iya gyarawa a atisayen mako mai zuwa.